Taurari a cikin sanyi ake haifarsu

Mutane da yawa suna zaton cewa tun da tauraro wuta ce mai ci, dole a wuri mai zafi yake samuwa. Gaskiyar ita ce yana fara haɗuwa ne cikin manyan gizagizan iskar haidurojin da ƙura, waɗanda sanyinsu yakan kai digiri 260 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyos. Sanyin nan ne yake rage motsin iskar, har nauyinta ya rinjaye ta, ta dunƙule, tsakiyarta ta yi zafi daga baya. Gajimare ɗaya yakan tsattsage ya haifi ɗaruruwan taurari tare, kamar Kaza da 'Ya'yanta, waɗanda suka samu kimanin shekaru miliyan 100 da suka wuce.