Da an kamo su da ƙarfi, yau ana korarsu da maki

Tsofaffin Damagaram suna ba da labarin yadda lakwal, wato makarantar boko, ta shigo Nijar bayan Faransawa sun kama Zinder a 1899. Ba roƙo ake yi ba, kamu ake yi. Sai a aiko wa mai gari cewa ana son yara kaza, shi kuma ya ɓoye nasa ya tura 'ya'yan bayi da na talakawa, don ana ganin boko hanyar kafirci ce. Wasu daga cikin waɗanda aka tura don ba su da gata, su ne suka riƙe alƙalami da aka samu 'yancin kai a 1960.

Yau abin ya juye. Ɗan talaka ne ke son zama, lakwal ce ke cewa ya tashi.

Ba da sanda ake korarsa ba, da takardar ƙarshen shekara ce: maki bai kai ba, ya maimaita aji, bai kai ba kuma, an kore shi. A takarda kamar adalci ne. Amma ku dubi yaron da ya gama firamare a wani ƙauye wajen Mirriya, aka turo shi kwalejin birni. An sauke shi gidan wani ɗan uwa na nesa, wanda shi ma da ƙyar yake ciyar da nasa. Kafin asuba yana layin famfo da jarka, kuma kowa ya san yadda ruwa yake a Zinder. Ya shiga aji ciki wayam, mushe, wato malami, na bayani da Faransancin da ba a yi a gidansu, kayensa, wato littafin rubutu, ɗaya na dukan darussa. A firamaren da ya fito ma ajin zana ne, ba a fara karatu sosai sai an gama girbi an samu kara. Wane maki ake jira daga gare shi? Yunwarsa aka auna, aka rubuta masa a matsayin daƙiƙanci.

Wasu malamai za su ce aji ya cika maƙil, dole a rage. Ina jin uzurinsu, musamman 'yan kwantaragi da kan yi jiran albashi. Sai dai wanda aka rage ba ɓacewa yake yi ba. Yana bakin titi da kwalaben fetur, ko kan kabu-kabu, ko ya faɗa fale, wato gungun 'yan daba, a Kara-Kara, unguwar da tun asali aka ware don kutare, aka bar jikokinsu da tabon. Yarinya kuwa talla ce, sai aure. A ƙididdigar UNICEF kashi 76 cikin 100 na 'yan matan Nijar ana aurar da su kafin su kai 18. Dokar da gwamnati ta fitar a 2017 don kare karatun 'ya mace ta zo daidai, haka ma gidan kwanan 'yan mata da aka buɗe a Kelle ta jihar Zinder a 2021, amma ɗan gidan kwana nan da can ba ya ɗauke jiha guda.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin hukuma ba. Kafin darakta ya sa hannu kan takardar kora, a kira uban yaron ko mai masaukinsa, a tambaya ina yake kwana, me ya ci da safe. A kwalejojin da yaran ƙauye suka fi yawa kuma, a ɗora tukunyar rana, ko da dafa-duka ce.