A Sa Littafi Cikin Kayan Sallah

Duk shekara idan Disamba ta kama, jaridun Turai da Amurka sukan cika da jerin littattafan da suke cewa mutum ya karanta don ya ji Kirsimeti ta shiga jikinsa. Yawancinsu talla ne aka yi wa kwalliya. Amma akwai ƙasa guda da lamarin ya wuce talla a cikinta, kuma ina ganin marubutan Hausa da masu sayar da littafi suna da abin ɗauka a can.

Ayislan tsibiri ne can ƙuryar arewacin Turai, mutanensa ba su kai rabin miliyan ba. A Disamba hasken rana a Reykjavik, babban birninsu, bai fi na awa 4 zuwa 5 ba. Kamfanonin ɗab'i na ƙasar sukan tara yawancin sababbin littattafansu su sake su a 'yan makonnin da suka rage kafin Kirsimeti, abin da su kansu suke kira ambaliyar littattafai. Ana buga kundi mai ɗauke da sunayen duk abin da ya fito, kuma an shafe shekaru da dama ana raba shi gida-gida kyauta. Daren 24 ga Disamba, lokacin da suke buɗe kyaututtuka, littafi na cikin abin da aka fi bayarwa. Al'adar ta kafu ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da aka taƙaita shigo da kaya daga waje amma takarda ba ta sha matsi kamar sauran ba. Mutane na da kuɗi a hannu, babu abin saye, sai suka koma ga littafi.

Ba yaƙin kaɗai ya yi wannan aiki ba. Tun ƙarnuka kafin nan, manoman ƙasar sukan taru a ɗaki ɗaya cikin dogon daren sanyi, ana kaɗi ana saƙa, mutum ɗaya yana karanta wa sauran labaran kakanni da babbar murya. Kuma ga wani abu da masu jerin littattafan biki ba sa lura da shi: yawancin abin da ake saye a wannan ambaliya ba ya maganar Kirsimeti ko kaɗan. Labaran binciken kisan kai ma sukan kasance a sahun gaba. Abin da ke sa bikin ya shiga jiki shi ne an tsayar da lokaci, kowa ya san lokacin, kuma kowa yana yi tare da kowa.

Mu ma mun san haka, tun kafin mu ji sunan wannan tsibiri. Da watan azumi ya tsaya, a Kano da Zariya da Damagaram za ka ji zaure ya cika da karatun Ashafa, littafin Alƙali Iyal wanda ya rasu a Marrakesh a 1149. Bayan la'asar ko bayan asham ga tafsiri, mai jan baƙi yana ja malam yana fassarawa, sau da yawa da Jalalaini a gabansa. Tsofaffi da yawa ba sa jin azumi ya kankama sai sun ji wannan murya a rediyo. A gidajen da ake maulidi, shigowar Rabi'ul Awwal na nufin dararen Ishiriniyar Alfazazi, yara suna amshi tun ba su san ma'anar baitocin ba. Kiristoci masu ibada da Hausa, daga Wusasa har Jos, su ma ba sa rasa jin babi na 2 na Linjilar Luka ranar Kirsimeti. Babu wanda yake neman sabon abu a waɗannan karatuttuka. Maimaitawar ce daɗin.

To ina Sallah? Dubi hidimar da muke yi mata. Tela ba ya barci tun tsakiyar azumi. Ga takalmi da hula, ga kitso da lalle, ga cincin da tuwon sallah, ga yara suna yawon karɓar goron sallah, ga hawan daushe ga mai ƙarfin kutsawa cikin taro. A duk wannan babu gurbin littafi. Ranar da aka rufe tafsiri, karatu ya tafi hutu sai wata shekara.

Kuma ba rashin marubuta ba ne. Tun gasar rubutun labarai ta 1933 da aka shirya daga Zariya ƙagaggen labari ya samu gindin zama a Hausa, sannan a shekarun 1980 da 1990 adabin kasuwar Kano ya cika shaguna, har da masu ba da hayar littafi a unguwanni. Yau rubutun ya koma waya, ana sayar da shi ta WhatsApp ko a karanta shi a YouTube. Wanda ya daure ya buga a takarda kuwa, sai ya kira taron ƙaddamarwa, manya su yi alƙawarin kuɗi, a ɗauki hoto, daga nan ka neme shi a kasuwa ka rasa. Littafin Hausa yana fitowa ne kowane lokaci, wato ba shi da lokaci. Mai atamfa ya san watan da zai yi ciniki, mai rago ya san nasa. Mai littafi ne kaɗai bai sani ba.

Na san abin da za a ce. Magidancin da ke fama da kuɗin shinkafa ina zai ga na littafi? Gaskiya ne, kuma takarda ta yi tsada. Sai dai wannan magidancin yakan saya wa yaro gilashin roba da agogon wasa da bindigar ruwa, waɗanda ba sa kai kwana uku. Ƙaramin littafi mai shafi 30 da zane ba dole ya fi su kuɗi da yawa ba. Wani zai ce Sallah ta zumunci ce, ba ta shiga ɗaki a kulle ƙofa ba. Na yarda, shi ya sa ba irin wancan karatun nake nufi ba. Ina nufin irin namu na zaure da tsakar gida: ɗaya ya karanta, goma su saurara, har da kaka da ba ta yi boko ba, wadda ita ce ma za ta fi kowa gyara wa mai karatun karin magana.

Abin da ya rage aikin masu sana'ar ne. Ƙungiyoyin marubuta da masu ɗab'i su zauna su yarda cewa sababbin littattafai za su fito a Sha'aban, ba a warwatse ba. A haɗa sunayensu da farashinsu a takarda ɗaya, a yaɗa ta a waya tun da nan masu karatun suke. Gidajen rediyo su ware rabin awa a ranakun Sallah a karanta babi guda. Kuma a kai littattafan inda iyaye suke zuwa da kuɗi a goman ƙarshe na azumi, wato Kantin Kwari da Sabon Gari da rumfunan masu hula da takalmi, don uban da ya zo sayen kayan yara ba zai ratse ya je neman kantin littattafai ba.