Daga wa ka karɓo wannan magana?

A makarantar zaure, ɗalibi ba ya kawo magana haka siddan. Sai ya ce malam wane ya faɗa, a littafi kaza. Shehu Abdullahi na Gwandu, ƙanin Shehu Usmanu, littafi guda ya rubuta, Ida'ul Nusukh, inda ya lissafa malaman da ya yi karatu a gabansu da abin da ya karɓa daga wurinsu. Mutumin da ya yi wa Alƙur'ani tafsiri sukutum bai ga raguwar daraja ba don ya ce wane ne ya koya masa.

Shi ya sa raina ya ɓaci da ɗan yayata ya kawo mini kundin bincikensa na kammala digiri in duba. Taken kundin ya ce manoman shinkafa na ƙasar Argungu, amma a tsakiyar babi na huɗu sai ga sunan wata ƙaramar hukuma ta kudancin ƙasar nan, an manta ba a goge ba. Na ce, "Wa ya yi wannan aiki?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, a shagon kwamfuta aka haɗa mini. Kowa haka yake yi."

Wannan "kowa haka yake yi" ta fi satar kanta tayar mini da hankali. Yaron ba ɓarawo ya ɗauki kansa ba. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa cewa ɗaukar maganar wani halas ne, ɓoye mai ita ne haramun. Ka sa alamar zance, ka rubuta sunan marubuci da shekara da shafi, shi ke nan ka fita haƙƙinsa.

Wasu na ganin manhaja irin Turnitin ta kashe wannan wuta. Tana da amfani, ban musa ba. Sai dai aikinta gwada rubutu da rubutu ne, ta fitar da kason kamanceceniya. Wanda ya sauya kalmomi yakan zille mata, wanda ya biya aka rubuta masa sabo ma haka, balle tun ƙarshen 2022 da ChatGPT, mai rubuta wa mutum abin da ya nema, ya shigo wayoyin ɗalibai.

Abin da ba a zille masa shi ne malamin da ya karanta aikin. Na san nauyin ya yi wa malamai yawa, mutum ɗaya da tarin ɗalibai, ga koyarwa ga makin jarrabawa. Hukumomin jami'o'inmu su rage wannan lodi, su fara koyar da jingina magana ga mai ita tun shekarar farko, ba sai ana gab da kare kundi ba. Ranar karewa kuma a tambayi ɗalibi: wane ƙauye ka je, manoma nawa ka zanta da su, buhu nawa suka ce suna samu?

Ɗan yayar tawa dai na biya masa kuɗin mota ya koma fadamar Argungu da biro da takarda. Sati uku ya yi, ya dawo ya sake babi na huɗu daga farko.