Tung Wah: asibitin da ya sami amanar talaka ta hanyar akwatin gawa

A shekarar 1869 wani jami'in gwamnatin mulkin mallaka a Hong Kong mai suna Alfred Lister ya shiga wani ɗan gini a unguwar Tai Ping Shan, inda talakawan Sinawa suke cunkushe. Abin da ya tarar ya tayar da hankalin gari. Masu rai da matattu suna kwance wuri ɗaya cikin ƙazanta, wasu na nishi, wasu sun riga sun cika, ba mai jinya balle mai magani. Ginin, wanda ake kira Kwong Fook I Tsz, ba asibiti ba ne. An gina shi a 1851 don a riƙa ajiye allunan da ke ɗauke da sunayen waɗanda suka mutu a baƙunta, nesa da danginsu. Amma masu gidajen haya ba sa son a mutu musu a gida, suna ganin abin yana jawo rashin sa'a. Saboda haka da zarar lebura ya kwanta ciwon ajali, sai a ɗauke shi a kai shi can ya ƙarasa.

Gwamnati tana da asibitinta, to me ya hana su zuwa? Akwai kuɗin da ake biya, akwai likitan da ba ya jin harshensu, sannan akwai babban abin tsoro, wato wuƙa. Basine na wancan zamani yana ganin jikin da iyayensa suka ba shi amana ce da zai mayar da ita cikakkiya. Asibitin da ake yanke ƙafa, kuma ake feɗe gawa don bincike, a wurinsa gara mutuwa a kan titi.

Daga wannan abin kunya aka haifi asibitin Tung Wah. Gwamna Richard MacDonnell ya yarda da abin da attajiran Sinawa suka daɗe suna nema, aka yi doka a 1870, gwamnati ta ba da fili da dala 115,000 daga kuɗin da ta tara na lasisin gidajen caca, 'yan kasuwa suka haɗa nasu, aka buɗe asibitin a watan Fabrairun 1872. Sinawa ne ke tafiyar da shi, maganin gargajiyarsu ake bayarwa, kuma talaka ba ya biyan ko sisi.

Yau shekara sama da 150 ke nan cibiyar tana raye, alhali daular Birtaniya da ta ba ta izini ta tattara ta bar Hong Kong tun 1997, daular Qing ta ƙasar Sin da daraktocinta na farko ke alfahari da rigunanta kuwa ta faɗi tun 1912. Ni dai a ganina ba ingancin magani ne ya raya ta ba, domin a shekarunta na farko mutuwa ta yi yawa ƙwarai a ɗakunanta. Abin da ya raya ta shi ne ta gano abin da ya fi tsaya wa mutanenta a rai ta kama shi da hannu biyu, sannan ta tsara shugabancinta yadda ba wanda zai mai da ita gadon gidansu.

Abin da ya fi tsaya musu a rai kuwa shi ne yadda za su mutu. Yawancin Sinawan Hong Kong a lokacin maza ne 'yan ci-rani daga lardin Guangdong, sun bar mata da 'ya'ya a ƙauye. Dubbai kuma ta tashar Hong Kong suka bi zuwa haƙar zinariya a Kalifoniya da Ostireliya, ko gonakin rake a Kuba. Fargabar kowannensu ɗaya ce, ya mutu a ƙasar wasu, ba mai binne shi yadda ya kamata, ba mai ziyartar kabarinsa. Tung Wah ta ɗauki wannan nauyi. Tana ba da akwatin gawa kyauta, tana binne wanda ba shi da kowa. Lokacin da guguwar teku ta 1874 ta kashe dubban mutane, ita ta bi bakin ruwa tana tsintar gawarwaki. Har cikin jiragen ruwan da ke zirga-zirga zuwa Amurka takan sa akwatunan ajiya, don kada fasinja ya rasu a hanya a jefa shi cikin teku.

Sai kuma aikin da ya fi ɗaukar hankalina, mayar da ƙasusuwa gida. Idan Basine ya mutu a San Francisco, ƙungiyar 'yan garinsu takan binne shi, bayan wasu shekaru a tono ƙasusuwan, a wanke, a shirya su cikin ƙaramin akwati, a rubuta sunansa da na gundumarsa da ƙauyensa, a ɗora a jirgi zuwa Hong Kong. Ma'aikatan Tung Wah su karɓa a tasha, su rubuta a littafi, su ajiye a gidan ajiyar gawa da cibiyar ta gina a Sandy Bay a 1899, su aika wa dangi ko ƙungiyar agajin garin wasiƙa, har a zo a ɗauka. Mutum ne da bai taɓa taka ƙofar asibitin ba, ba zai gode ba, danginsa ma ƙila ba su da abin bayarwa. Amma duk ɗan ci-ranin da ya ga an rufe akwatin abokinsa an rubuta adireshi ya san cewa shi ma haka za a yi masa. Wannan sanin ne ya sa gudummawa ke zuwa daga kowane lungu da Sinawa suka yi zango.

Tsarin shugabancin ma abin a tsaya a kansa ne. A wancan zamani kwamitin daraktoci na mutum goma sha biyu ne, kuma ƙungiyoyin 'yan kasuwa ne ke gabatar da su: masu shinkafa, masu yadi, masu fatauci tsakanin kudu da arewacin Sin, masu hulɗa da Kalifoniya, dillalan manyan kamfanonin Turawa, har da masu cinikin ofiyom. Shugaban farko, Leung On, dillalin kamfanin Gibb, Livingston ne. Wa'adi shekara ɗaya ne, sai a sauka wasu su hau. Kujerar ba ta kawo albashi, hasali ma ita ke cin aljihun mai ita. Kowace shekara kuma ana buga littafi mai ɗauke da sunan wanda ya ba da gudummawa da abin da ya bayar, da yadda aka kashe kuɗin. Mai shagon da ya ba da dala biyu zai iya buɗewa ya ga sunansa.

Akwai masu cewa duk wannan neman suna ne. Ba ƙarya suka yi ba. A ranar buɗe asibitin daraktoci sun fito cikin rigunan manyan ma'aikatan sarkin Sin, muƙaman da yawanci da kuɗi aka saye su. Bayan sun tara agaji don yunwar da ta afka wa arewacin Sin a 1877 da 1878, sarki Guangxu ya aiko musu da allon yabo, suka rataye shi inda kowa zai gani. A ƙasar da Bature bai ba Basine kujerar mulki ba, kujerar Tung Wah ita ce sarautar da ta rage. To amma ni ban ga aibin attajiri ya so girma ba, in dai hanyar samun girman ta bi ta kan gadon mara lafiya. Abin da ake tsoro shi ne asibitin da ya rataya a wuyan mutum ɗaya, ranar da ya rasu magada su raba filin. Mun sha ganin irin wannan a garuruwanmu. Tung Wah ta tsira daga haka ne saboda girman na kujera ne, kujerar kuma ba ta kwana biyu a hannun kowa.

Sai dai ƙarfin ya wuce jinya. Zauren asibitin ya zama wurin da ake kawo ƙarar bashi da rikicin gado, daga nan ake rubuta wa gwamna koke da sunan dukan Sinawa, daga nan aka buɗe makarantar kyauta ta farko a 1880. Kuma duk inda attajirai suka zama bakin talakawa, akwai abin da ba za su faɗa ba. Waɗannan mutane sun yaƙi satar mata da yara, daga cikinsu aka kafa ƙungiyar Po Leung Kuk a 1878 don ceto waɗanda aka sato. Amma da babban alƙali John Smale ya ce sayen 'yan mata ƙanana don aikin gida bauta ce, su ne suka tashi suna kāre al'adar, domin a gidajensu yaran suke. Wannan tabo ne, kuma ba na jin yawan akwatunan gawa ya goge shi.

Jarrabawa ta gaske ta zo a 1894. A watan Mayu likitan gwamnati James Lowson ya shiga ɗakunan Tung Wah ya tarar da mutum kusan ashirin masu zazzaɓi da kaluluwa, duk daga Tai Ping Shan. Annoba ce, wadda ta riga ta yi ɓarna a birnin Canton na lardin Guangdong, kuma masu maganin asibitin ba su kai rahoto ba. Gwamnati ta sauko da ƙarfi. Sojoji suka riƙa bi gida-gida, suna fito da marasa lafiya, suna ƙone kaya, suna shafe bango da farar ƙasa. Wanda aka samu da ciwon a kai shi wani jirgin ruwa mai suna Hygeia da aka mai da asibiti, wanda ya mutu a binne shi da gaggawa cikin farar ƙasa, sau da yawa ba tare da dangi sun gani ba. Wato duk abin da Tung Wah ta shekara ashirin tana kāre mutane daga gare shi, shi ne ya same su a mako guda. Jita-jita ta cika gari cewa likitocin Turawa na ƙwaƙule idon yara su haɗa magani. Dubun-dubatar mutane suka gudu, sama da 2,000 suka mutu.

Daraktoci suka shiga tsaka mai wuya. Gwamna William Robinson yana ganin su ne ke zuga mutane, har ya sa aka girke jirgin yaƙi daura da unguwar. Talakawa kuwa suna ganin sun sayar da su. Shugaban asibitin na shekarar, Lau Wai-chuen, jifa ya sha a kan titi, aka kifar da kujerar da ake ɗauke da shi.

A nan ya kamata a yi adalci ga kowane ɓangare. A 1894 Bature ma ba shi da maganin annoba. A cikin wannan annobar ce wani likita mai suna Alexandre Yersin ya gano ƙwayar cutar a Hong Kong, kuma sai 1898 aka gane cewa ƙumar ɓera ce ke yaɗa ta. Wanda aka kai Hygeia da wanda aka bari a hannun mai sassaƙe, yawancinsu mutuwa suka yi. Don haka tsoron talaka ba wauta ba ce, kuma wulaƙancin da aka yi wa iyalai ya sa an riƙa ɓoye marasa lafiya, abin da ya ƙara rura wutar. Amma laifin Tung Wah ma a fili yake. Cibiyar da jama'a suka fi yarda da ita, ita ce ya kamata ta fara cewa akwai cuta mai yaɗuwa, a ware masu ita, a tsaftace ɗakuna. Amanar da aka tara shekara ashirin, ranar irin wannan aka tara ta domin a kashe ta wajen faɗa wa mutane abin da ba sa son ji. Daraktocin sun fi ƙarfi wajen roƙon gwamnati ta sassauta fiye da wajen fuskantar nasu.

Bayan ƙura ta lafa, an rushe gidajen Tai Ping Shan, kuma likitocin gwamnati sun so a rufe asibitin ko a ƙwace shi. Kwamitin bincike na 1896 bai yarda ba. Aka bar shi a hannun Sinawa, aka sa masa likita Basine wanda ya koyi aikin likita na zamani, aka tsananta sa ido kan tsafta da rahoton cututtuka, aka bar wa mara lafiya zaɓin irin maganin da yake so. Ina ganin wannan shi ne hukunci mafi hikima a duk tarihin. Mutumin da ba zai taɓa shiga asibitin gwamnati ba yanzu yana kwance a gidan da ya sani, yana ganin na gadon kusa da shi an yi masa tiyata ya tashi da ƙafarsa. Sannu a hankali masu zaɓar maganin zamani suka rinjayi sauran, ba tare da soja ya ƙwanƙwasa ƙofar kowa ba.

Mai karatu a ƙasar Hausa zai gane wani suna a cigaban labarin. Gwamna Lugga, bayan ya bar Arewacin Nijeriya a 1906, Hong Kong aka tura shi daga 1907 zuwa 1912. A zamaninsa aka yi dokar 1908 da ta miƙa wa Tung Wah haikalin Man Mo da kadarorinsa, kuma shi ya buɗe asibitin Kwong Wah a Kowloon a 1911. Mutumin da ya mulke mu ta hannun sarakuna ya tarar a can ana mulkin Sinawa ta hannun attajirai, tsari mai arha ga baitulmali. Wannan ne ɓangaren da ba na son yabon Tung Wah ya rufe shi. Sinawa su ne mafi rinjayen mazauna tsibirin, daga guminsu da kuɗin ofiyom da suke sha gwamnati ke cika asusunta, amma shekaru da dama lafiyarsu tana rataye ga sadakar 'yan uwansu. Kyawun aikin daraktoci ya ba gwamnati uzurin noƙe hannu.

Bayan Tung Wah da Kwong Wah, an buɗe asibiti na uku a 1929, aka haɗe ukun ƙarƙashin kwamiti ɗaya a 1931. Da aikin likita ya yi tsada, ya koma na injuna da ƙwararru, gudummawar 'yan kasuwa ta kasa ɗauka, tallafin gwamnati ya yi ta ƙaruwa har ya zama shi ne ginshiƙi. A 1991 asibitocin Tung Wah suka shiga ƙarƙashin Hukumar Asibitoci ta Hong Kong, kwamitin ya ci gaba da tara kuɗi yana tafiyar da makarantu da gidajen tsofaffi da ɗakunan maganin gargajiya. Wasu na kallon haka a matsayin rasa 'yanci. Ni ina ganin gwamnati ce ta karɓi nauyin da tun 1869 nata ne, bayan ta bar shi a kan wasu shekara 122.