Ido ba shi da na canji

Jiya da la'asar, a wani shagon walda da ke wajen Rumde Ajiya a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, na ga abin da ya hana ni barci. Wani yaro da bai wuce shekara 17 ba yana yankan ƙarfen ƙofa da inji, ba tabarau, ba safar hannu, silifas a ƙafa. Ɓarɓashin ƙarfe ya yi tsalle ya shige idonsa na dama. Ya yar da injin yana ihu, hawaye da jini na zuba tare. Maigidansa kuwa cewa ya yi: "Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa." Alhali ga garkuwar fuska can rataye a ƙusa, ƙura ta rufe ta.

Ƙannena, wannan wace irin jarumta ce? Ka kama walda ka rufe ido ɗaya, ka kawar da kai, wai kai gwani. Wani ya ɗauko baƙin gilashin kwalisa na kasuwa ya ce ya isa. Bai isa ba! Hasken walda ƙona saman ƙwayar ido yake yi, kuma ba nan take ake ji ba, sai cikin dare ka farka kamar an zuba maka yashin Binuwai a ido. Kun san haka, don kusan kowannenku ya taɓa kwana yana kuka, ana ɗiga masa madara. Gari ya waye kuma a koma gidan jiya. Wanda ya ƙi ji ai ba zai ƙi gani ba, in ma idon ya rage.

Kun ce zafi ne ke hana ku sa kayan kariya. Na yarda, a watan Maris da Afrilu zafin Garwa na haura digiri 40. To, gumi da makanta wanne ya fi sauƙi? Kun ce kuɗi, amma kuɗin katin waya da na caca a kan ƙwallon Turai ba sa gagarar ku. Kada ma a zo batun tiramol da wasu ke haɗiya don "ƙarfin aiki", sannan su hau bene su yi walda jiki na rawa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne fakewa da ƙaddara. Allah da kansa Ya ce kada mu jefa kanmu cikin halaka, Manzonsa (SAW) kuma ya ce a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta kusan mutum miliyan 3 ke mutuwa duk shekara sanadin haɗari da cututtukan wurin aiki. Ma'aikacin kamfanin auduga na Sodecoton in ya ji rauni yana da CNPS, hukumar inshorar ma'aikata, a bayansa. Kai yaron shago da ba a rubuta sunanka ko'ina ba, wa zai biya ka? Uwarka ce za ta sayar da akuyarta.

A da, maƙeri ba ya barin yaro ya taɓa guduma sai ya daɗe yana zuga, yana kallo, yana koyon tsoron wuta. Ubangida uba ne, in yaro ya ƙone shi ke jin kunya a gari. Yanzu wata biyu a miƙa masa inji a tafi majalisa shan shayi.

Da safen nan na je duba yaron a asibiti. An naɗe idon da bandeji, likita ya ce sai an kwance za a san ko zai sake gani da shi. Mahaifiyarsa na zaune a bakin gado, ba ta ce da kowa komai ba.