Gwajin estrojin a fitsari sau ɗaya bai isa a yanke hukunci ba

Mata da yawa, idan haihuwa ta yi jinkiri, sukan ɗauka gwajin estrojin (sinadarin jiki mai taka rawa a al'adar mace da haihuwa) a fitsari sau ɗaya ya isa ya nuna ko za su iya ɗaukar ciki. Ba haka ba ne, kuma abin takaici, wannan tunanin yana sa wasu zubar da hawaye a banza.

Sinadarin estrojin ba ya tsayawa wuri ɗaya. A kwanakin al'ada yana ƙasa, sai ya yi ta hawa har gab da fitar ƙwai, sannan ya sauko. Abin da ke fita a fitsari ma ragowarsa ce, bayan hanta ta sarrafa shi, ƙoda ta tace. Macen da ta sha ruwa sosai har fitsarinta ya yi fari, sakamakonta na iya nuna ƙasa alhali lafiyarta ƙalau. Shi ya sa akan ba ta galan ta tara fitsarin awa 24 cur. Likitocin haihuwa kuma sun fi auna jini a rana ta 2 ko ta 3 da fara al'ada, tare da FSH, sinadarin da ke sa ƙwan mace ya girma.

Tsinken gwajin ciki na kemis kuwa hCG yake nema, wato sinadarin da jiki ke fitarwa idan ciki ya shiga, babu ruwansa da estrojin.