Masu fodkas ɗin tarihi a Sakkwato, ku riƙa faɗa mana inda kuka samo labari

Shirye-shiryen hira da ake ɗorawa a intanet, waɗanda ake kira fodkas, sun samu gindin zama a wayoyin matasan Sakkwato, kuma ba abin mamaki ba ne. Mu mutanen saurare ne. Iyayenmu sun tashi da Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara aiki a 1957, mu kuma muka tashi da Rediyon Rima a kunnenmu. Abin da fodkas ya ƙara shi ne ba sai ka jira ƙarfe kaza ba, kuma babu mai ɗaga wa baƙo hannu ya ce lokaci ya ƙare.

Mafi yawan abin da ake saurare labarin Kannywood ne da na mawaƙan zamani: wa ya auri wa, wa ya ɓata da ubangidansa. Ba ni da ja da wannan. Wanda ya wuni cikin ranar Sakkwato yana neman na tuwo ya cancanci abin da zai ɗebe masa gajiya. Damuwata tana wajen masu ba da tarihi, domin su ne ke taɓa abin da ba na wasa ba, kuma da yawansu ba sa faɗin inda suka samo abin da suke faɗa.

Kwanan baya a teburin wani mai shayi a Runjin Sambo na tarar da samari sun jingina waya da gwangwanin madara suna sauraren wani yana ba da labarin jihadi. Muryarsa da daɗi, ya iya jan zance. Amma duk jimla sai ya buɗe ta da "an ce". An ce Sarkin Gobir ya yi kaza, an ce mutanen gari kaza sun ci amana. Ya cakuɗa hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo daga Degel zuwa Gudu a 1804 da cin Alƙalawa a 1808 kamar a mako guda aka yi su. Kafin shirin ya ƙare gardama ta kaure, wani saurayi Bagobiri ya ajiye kofinsa da sauran shayi a ciki ya tashi ya tafi. Babu wanda ya tambayi wa ya ce, ko a wane littafi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wannan gari ba haka ya gada ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da ya rubuta tarihin jihadin a Infaƙul Maisuri, bai tsaya kan nasa bayanin kaɗai ba. Ya kawo wasiƙun Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Borno, mutumin da ke ƙalubalantar hujjar yaƙin da ake yi da ƙasarsa, sannan ya kawo amsoshin da aka ba shi. Mai karatu yana ganin maganar kowane ɓangare da idonsa. Idan wanda ya yi yaƙin da kansa ya ga ya dace ya adana maganar abokin jayayyarsa, mene ne uzurin mai makirufo a yau da zai ba da labarin Gobir ba tare da ya taka Sabon Birni ya ji ta bakin Gobirawa ba, ko ya yi maganar Kabi bai leƙa Argungu ba? Waɗannan mutane suna nan, suna da nasu riwayar, kuma 'ya'yansu ne ke zaune da mu a aji ɗaya da kasuwa ɗaya.

Ba kuma rashin wurin bincike ba ne. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu tana cikin garin nan da rubuce-rubucen hannu. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da malaman tarihi da na Hausa da na Larabci da suka ƙarar da ƙuruciyarsu kan waɗannan takardu. Kuɗin Keke Napep ne kawai tsakanin mai shiri da su.

Na san abin da za a ce: wai ambaton majiya yana kashe armashin hira, mai saurare zai tsallake zuwa wani shirin. Ban yarda ba. Jimla ɗaya ce: "Wannan daga littafin Abdullahin Gwandu na samo shi", ko "Wannan wani dattijo ne a Wurno ya ba ni, ban gan shi a rubuce ba." Mutanen da suka saba jin malami a zaure yana cewa wane ya ruwaito daga wane ba za su gaji da wannan ba. Hasali ma shi zai sa su amince da kai. Kuma idan wani ya yanko minti ɗaya daga hirar awa biyu ya watsa a TikTok ko WhatsApp, kamar yadda ake yi kullum, majiyar da ka ambata ce za ta kare ka.

Akwai kuma labaran da ba a taɓawa sam, saboda kowa ya fi son maimaita wanda aka riga aka sani. Kowa na iya ba ka labarin yaƙin Tabkin Kwatto na zamanin jihadi. Nawa ne suka zauna suka yi shiri mai zurfi kan Satiru, ƙauyen da ke kusa da nan wanda ya yi wa Turawa bore a 1906 aka shafe shi? Nawa ne suka bi sawun Sarkin Musulmi Attahiru daga Giginya, inda aka gwabza da Turawa a watan Maris na 1903, har zuwa Burmi inda ya rasu? Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ana yawan kiran sunanta, amma tsarin 'Yan Taru da jajis, wato malamai mata da take aikawa ƙauyuka su karantar da mata, ya fi ƙarfin a ambace shi a wuce. Mace mai shiri da za ta zauna da tsofaffin matan da suka gaji wannan karatu za ta samo abin da namiji ba zai taɓa ji ba.

Ko a fagen nishaɗin ma muna barin namu muna ɗauko na nesa. Ƙasar da ta fitar da Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da Salihu Jankiɗi, da Ɗan Anace wanda ya ɗaga sunan Shago a dambe, ba ta rasa abin hira ba. 'Yan amshinsu da masu kiɗansu da suka rage tsofaffi ne ƙwarai yanzu. A wurinsu ake jin dalilin da ya sa aka yi wata waƙa, da wanda ake yi wa zambo a cikinta. Idan ka je, ka gaida baba yadda ya kamata, ka bar shi ya yi magana da Sakkwatancinsa, kada ka riƙa katse shi kana gyara masa zance zuwa Kananci don wai a fi ganewa. Masu saurare a Kano da Zariya za su gane, kamar yadda suka gane waƙoƙin tun da can.

Sai batun adanawa. Hirar da ke kan YouTube kaɗai tana hannun kamfanin da ba ya garin nan. Ana iya rufe shafi, waya na iya ɓata, kalmar sirri na iya shige wa mutum. Duk wanda ya ɗauki muryar dattijo ya kamata ya rubuta sunansa da garinsa da ranar da aka yi hirar, ya nemi izininsa kafin ya watsa, ya ba iyalinsa kwafi a memori, ya kai wani kwafin jami'a ko hukumar tarihi. Su kuma waɗannan wurare su ware teburin karɓar irin wannan ajiya, da ma'aikacin da zai yi mata rajista.